Daminar da Aka Ɗaura wa Maraya Karkiya

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari sai ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera bokitai ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da zufa. Ana cikin wannan zaman jira ne jikana Nasiru ya sauke 'yan bijimai biyu daga bayan mota a ƙofar gida, ya sayo su a kasuwar Makarfi don huɗar bana. Tun daga zaure yake kwaɗa mini kira.

"Tsohuwa! Ina 'yar mahauta? Fito ki taɓa mini kayana. Ki ga tsayi, ki ga ƙafa!"

Na ce, "Ja'iri, ko ubanka bai isa ya kira ni da wannan suna ba." Na jawo sandata na fita. Dogaye ne kam, babu laifi. Na ɗora tafin hannuna a wuyan wanda ke kusa da ni, na ɗan matsa. Sai na tuna, hannuna ya taɓa taɓa irin wannan wuyan, shekaru masu yawa da suka wuce.

Ni 'yar mahauci ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba, ko da dangin mijina suka riƙa yi mini tsiya da shi. Babana yana fawa a Makarfi, yana kuma cin kasuwar Kudan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa'u, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Yayyena maza su suka koyi yanka da fiɗa. Ni kuwa dambun nama na koya a wajen innata, muna yi ana kai wa kasuwa. Amma Baba ya lura hannuna yana jin nama, sai ya riƙa koya mini abin da ko mazan bai tsaya ya koya musu ba.

Wata ranar kasuwa, ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya, ya dawo da yanka uku a cikin ganye, ya jera su a kan faifai, ya ce in rufe ido in taɓa. Na farko laushi tiɓis, da danshi, yatsa na nutsewa a ciki. Na biyu ya tsaya wa yatsana, in na danna sai ya dawo. Na uku kuwa kamar na taɓa dugadugin manomi. Da na buɗe ido na ga na farko fari-fari ne, na biyu ja wur, na uku ja mai duhu da farar jijiya ta ratsa shi ko'ina. Baba ya sa farce ya zaro sili guda daga kowanne.

"Duba nan, Uwata. Wannan na maraƙi ne, siriri kamar gashi, ki ja shi kaɗan ya tsinke. Wannan na sa ne mai shekara huɗu, kin ga kaurinsa, kin ga yadda tantani ya ɗaure su dami-dami. Wancan na tsohon takarkari ne, sai an kwana biyu ana hura masa wuta. Da zarensa ake haihuwar dabba, ni dai ban ga alamar ana ƙara masa ba. Kauri yake yi, ruwansa ya ragu, ya yi ja, ya ƙulle."

Ya goge yatsa a jikin riga ya ci gaba. "Kuma jiki ba tare yake tafiya ba. Ƙashi ne ke yin gaba, ya miƙe ya bar tsoka a baya, ita kuma ta biyo shi a hankali. Kitse shi ke zuwa ƙarshe. Cikin tsokar ma cinya ke fara cika. Wuya da kafaɗa su ne 'yan baya. Sai ki ga sa ya yi tsayin ubansa, alhali wuyansa na maraƙi ne."

Innata ma ba ta karɓar naman maraƙi don dambu ko da kyauta ne. In an dafa shi an daka, ba ya tashi sili-sili, sai ya dagargaje ya koma kamar fate.

Aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Furana. Maigidana manomi ne, mutum mai sanyin hali, har wani lokaci sanyin nasa yakan ba ni haushi, don ni wuta ce. Malam nake ce masa. Yana cikin mutane kaɗan a ƙauyen da suka fara huɗa da shanu, lokacin da malaman gona suke yawo suna nuna garmar ƙarfe. Shanunsa biyu, Jatau da Duna, manya, wuyansu kamar turmi. Akwai kuma na uku. Wasu Fulani da suka yi mashekari a gonarmu sun bar mana ɗan maraƙi da uwarsa ta mutu, suna zaton ba zai yi rai ba. Ni na raine shi da kunu da ruwan ƙasari, ina tsoma yatsana a ƙwarya yana tsotsa. Muka sa masa suna Maraya. Duk inda na yi a tsakar gida yana biye da ni, yana tauna mini bakin zane, ina dukansa da muciya, ko a jikinsa.

Ban riƙe lissafin shekarar ba. Na dai san ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, don har lokacin yaran makarantar Ikara suna yawo da 'yan ƙananan tutoci kore da fari da suka koɗe. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta fitar da kai amma ba ta yi ido ba. In ka murza zangarniya a hannu rabi ƙaiƙayi ne. Tun kaka muka san ba za ta kai mu ba, amma ba wanda ya faɗa.

Da bazara ta shigo, Malam ya daina ɗiba daga bakin rumbu a kan tsani, sai dai ya dira ciki gaba ɗaya ya tattaro na ƙasa. Zafin shekarar ba na mantawa da shi. Bangon ɗaki yana huci har bayan la'asar, ruwan randa ya yi ɗumi kamar na wankan jego, rijiya ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya sau biyu. Da safe nakan dama kunu tsululu, wanda in ka leƙa ƙwarya kana ganin ƙasanta. Da rana babu komai, sai garin ɗorawa da nake jiƙa wa Sa'a, 'yata mai shekara huɗu, bakinta ya yi rawaya. Da yamma in tuƙa tuwo ɗan kaɗan da miyar kuka, ba mai, ba daddawa, in raba. Ina kuma goye da Musa, wata bakwai, yana jan nono yana sakewa yana dubana.

Mutane suna zaton yunwa zafi ne da ita kullum. Kwanakin farko ne kawai. Daga baya sai ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka tsunkule ta ba ka ji ba. Ni da ake jin muryata har gida na uku in ina faɗa, sai na wayi gari ba ni da faɗa. Kaza ta kifar da ƙwaryar gari, na tsaya ina kallonta tana tsattsaga, sai can na tuna ya kamata in kore ta. Ba na kuka, ba na dariya. Aiki dai nake yi ɗaya bayan ɗaya saboda hannu ya saba.

Abin da Baba ya koya mini sai na ga yana komawa da baya a idona. Kitse ya fara tafiya. Tozon Jatau ya kwanta gefe guda kamar tsohuwar hula. Sai tsoka ta bi, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa, ƙashin ƙugu ya tsaya. Mu ma haka. Damtsen Malam ya zube, fata ta yi masa yawa. Awarwaron da ke tsayawa a wuyan hannuna ya riƙa zamewa har gwiwar hannu in na ɗaga taɓarya. Maraya kuwa, saboda ƙuruciya, ƙashinsa bai daina miƙewa ba duk da ƙarancin harawa. Yana ta yin sama, ba ya yin faɗi.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙamshi nata, kowa ya fita da iri aka shuka gero. Ya tsiro ya yi ganye biyu, sai sama ta bushe. Kwana goma sha, rana na dukansa, har ya murɗe ya ƙone. A cikin wannan farin ne Duna ya tsinke igiya ya faɗa gyauron dawa a bakin fadama, irin ɗanyen tsiron nan da rana ta dafa, wanda yake zama dafi a cikin shanu. Malam ya same shi cikinsa ya kumbura tam. Kafin ya sheƙo gida ya ɗauki wuƙa ya koma, rai ya yi halinsa. Ya zama mushe. Aka ja shi rami, muna kallon ungulaye suna sauka a kan naman da zai riƙe rabin ƙauyen. Na tsaya a bakin danga ina kallo da Musa a baya, ban ji komai ba. Na dai lura cewa tsokar wuyansa ja ce mai duhu, irin wadda innata take so.

Bayan kwana huɗu ruwa ya dawo da gaske, kamar da bakin ƙwarya, ya kwana ya wuni. Gero dai ya tafi. Abin da ya rage shi ne a yi huɗa a shuka dawa cikin 'yan kwanakin nan, in ba haka ba ruwa zai ɗauke kafin ta nuna, mu sake shiga wata shekarar da rumbu wayam. Ga garma, ga karkiya, ga Jatau. Amma karkiya wuya biyu take so.

Malam ya taka da ƙafa har Malikanchi wajen kawunsa neman aron sa. Ya dawo da yamma ƙafafunsa duk taɓo, ya zauna a bakin ƙofa ya ce kowa huɗa yake yi, ba mai sakin nasa. Gayya kuwa da fura da tuwo ake kiranta, mu ba mu da abin da za mu ajiye wa mutum goma. Na ba shi ruwa ya sha.

Washegari da hantsi ya kwanto Maraya ya tsayar da shi kusa da Jatau a tsakar gida. In ka duba da ido, kafaɗarsu ta kusa zuwa ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juyo.

"Kulu, ke kika san nama, ni ban sani ba. Taɓa shi ki gaya mini. In kin ce bai kai ba, wallahi ba zan ɗora masa itacen nan ba. Zan ɗauki garmar hannu in yi iya abin da Allah ya ba ni iko."

Na matsa. Maraya ya miƙo baki yana neman bakin zanena. Na fara da cinya, ta ɗan tsaya wa hannuna, ba laifi. Na bi gadon baya. Da na zo kafaɗa sai yatsuna suka nutse har suka taɓa ƙashi. Wuyan kuwa, daidai inda karkiya za ta zauna, laushi tiɓis, irin yankan farko na kan faifan Baba. Ban ma buƙaci buɗe bakinsa ba, na san haƙoran nono ne a ciki. Yana buƙatar damina guda cur da ciyawa, wataƙila biyu.

Na ɗago na dubi hannun Malam da zai riƙe garmar hannun. Na san iyakar kunyoyin da wannan hannu zai tayar kafin ya faɗi, ba za su cika kwando goma ba. Musa yana bayana, ya daina ko kukan yunwa, sai numfashi. Sa'a tana zaune a gindin turmi tana lasar yatsa. Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi wa kaina ƙarya yanzu da tsufa. Babu wani abu da ya yi mini zafi a ƙirji. Na buɗe baki kawai.

"Zai iya."

"Kin tabbata?"

"Na ce zai iya, Malam. Sau nawa zan faɗa?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi," da wata irin ajiyar zuciya da har yau nake ji a kunnena.

A ƙa'ida sabon sa sai ya yi makonni yana jan gungume kafin a sa masa garma. Maraya wuni ɗaya ya samu. Maƙwabcinmu Tanimu shi ke jan shanun a gaba, Malam na riƙe da garma a baya, bisa al'adar cewa kwana biyu a gonarmu, kwana ɗaya a tasa. Gonar tamu tana bayan gida, don haka ina ganinsu ta ɓular danga in na fito shanya ko tsinkar tafasa, wadda ruwa ya fito mana da ita muka samu abin kwaɗawa. Ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, tana manne wa bakin garma. Jatau yana tafiya a miƙe, kansa ƙasa, ya san aikinsa. Maraya kuwa yana fizga, ya yi gaba, ya yi baya, karkiya ta karkace ta danne shi. Tanimu yana ta "Haba Maraya! Yi mana, ɗan gidan Kulu!" Shi kuma yana yi. Abin da na kasa mantawa ke nan, bai taɓa yin gardama ba.

Kullum in sun dawo da azahar ni ke ba su ruwa da ɗan kanwa. Ranar farko kafaɗarsa tana rawa kamar mai zazzaɓi. Rana ta uku kafaɗar ta yi zafi ta kumbura, ta yi tauri, amma ba irin taurin ƙarfi ba, irin na ƙurji kafin ya nuna. Malam ya taɓa ya ce, "Kin ga har ya fara cika." Na ce, "Uhm." Rana ta biyar ina tsaye ya yi fitsari, na ga ya fito ja-ja mai duhu kamar jiƙon zoɓo. Na san abin da ke nan, na taɓa jin Baba na faɗa, naman jiki ne ke narkewa yana fita. Na waiga, Malam yana alwala ya ba ni baya. Na sa ƙafa na turo ƙasa na rufe wurin.

A rana ta bakwai, ana yayyafi, saura kamar kashi ɗaya cikin uku na gonarmu, Maraya ya durƙusa a tsakiyar kunya. Ba faɗuwa ya yi ba, a hankali ya sauka kamar mai neman hutawa. Aka kwance karkiya, aka ɗaga shi ta wutsiya, aka hura masa kunne, ƙafafun gaba suka ƙi ɗaukarsa. Maza suka kafa masa 'yar rumfa da zana a wurin. Na yafa mayafi na kai masa ruwa, ya sha kaɗan, ya kamo bakin mayafin yana taunawa. Na bar shi ya tauna. Malam ya ba wani mai zuwa kasuwar Makarfi saƙo wajen Baba, ko ya san wani magani.

Baba ya iso washegari bayan azahar a kan kekensa, da ƙunshin buhu ɗaure a baya. Da na ga ƙunshin na san ba magani ya kawo ba. Malam ya cire takalmi ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. An sha hanya."

"Yauwa, Malam. Mun same ku lafiya? Ya damina?"

"Damina alhamdu lillahi. Ya mutanen gida? Ya Inna?"

"Duk lafiya, suna gaishe ku. Ya aka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri."

Ya sha ruwa, ya ɗauki Musa ya jinjina shi a hannu, ya dube ni. Muka fita gona. Ya tsuguna gaban Maraya, ya bi jikinsa da hannu kamar yadda na bi, cinya, baya, kafaɗa, wuya. Ya buɗe masa baki ya leƙa. Sannan ya miƙe ya kwance ƙunshinsa ya fito da wuƙaƙe.

"Malam, kira mutum biyu su riƙe. Kada mu yi asara biyu."

Ban tsaya wajen yanka ba, amma da aka fara fiɗa Baba ya aiko in kawo masaki. Na same shi ya buɗe kafaɗa. Naman ba ja ba ne, ba kuma farin naman maraƙi mai lafiya ba. Ratsi-ratsi ne, wani wuri fari fat kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, wani wuri jini ya kwanta baƙi. Ya yanko daga wuya, ya sa farce ya zaro sili guda, ya ɗora mini a tafin hannu. Siriri ne kamar gashi. Can gefe guda ya ɗan fara kauri, ya ɗan fara ja.

"Ya fara ƙullewa ke nan," in ji Baba. "Damina ɗaya ta rage masa." Ya dube ni. "Uwata, ke kika raine shi. Ba ki taɓa shi ba kafin a ɗaura masa?"

Tanimu yana wurin, da wasu maza uku. Na dubi silin da ke hannuna. Ba tsoro ne ya hana ni magana ba, ba kuma kunya ba. Bakin ne kawai bai buɗe ba. Sai na ji muryar Malam daga inda yake tsugune riƙe da ƙafar sa.

"Baba, ban tambaye ta ba. Ni na ga tsayinsa na ɗaura masa. Garajena ne."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "To." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Aka fitar da na maƙwabta, aka ba Tanimu cinya. Sauran na ce zan yi dambu don ya daɗe mana. Na sani sarai ba zai yi ba, amma na hura wuta na dafa, na zuba a turmi. Taɓarya uku ya dagargaje. Na soya shi a hakan da ɗan man da Baba ya kawo, ya tsotse ya koma ɗan mitsitsi, duk sa guda bai cika tukunya biyu ba, sauran duk ruwa ne ya bi hayaƙi. Sa'a ta ci har ta yi barci da nama a hannu. Ni ma na ci. Na ci da yawa, ban ji ɗanɗanonsa ba, kuma bayan kwana biyu nono ya dawo, Musa ya sha ya ƙoshi ya yi kukan da ya daɗe bai yi ba.

Da Baba zai tafi na raka shi zaure. Ya ɗaure ƙunshinsa a keke, ya ɗauko hannuna na dama ya juya tafin ya duba, kamar mai duba nama a kasuwa.

"Hannun nan ni na koya masa," ya ce a hankali. "Bai taɓa kuskure ba." Ya sake shi. "Ki riƙe mijinki da kyau, Uwata."

Kunyoyin da Maraya ya tayar su muka shuka. Sauran Malam ya ƙarasa abin da ya iya da garmar hannu. Ruwa ya kai, dawa ta yi, ba ta cika rumbu ba amma ta kai mu wata kakar. Ba wanda ya mutu a gidanmu. Wasu gidajen an yi jana'izar yara a cikin marka.

Maganar kuwa ta zauna a ƙauye. In wani ya yi gaggawar cire rogo ko ya yi wa yaro aikin da ya fi ƙarfinsa, sai a ce, "Kai, kada ka yi irin ta Malam da Maraya." A gabansa ake faɗa, a dandali, a wajen ɗaurin aure, shi ma ya yi dariya ya ce ai ƙuruciya ce. Mutumin da bai taɓa yin garaje ba ko a cin tuwo. Shekara talatin da wani abu muka ƙara tare, bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko a cikin faɗa, kuma Allah ya sani na ba shi dalilan faɗa. Ni ma ban tayar ba. Kullum ina cewa sai wata rana, har aka fita da shi a makara.

"Tsohuwa, kin yi barci a tsaye ne?" Nasiru ya taɓa kafaɗata. "Ya kika gani? Za su iya?"

Na sake matsa wuyan. Mai ƙiba ne, an ba shi dusa ya yi sheƙi, ba kamar nawa ba. Amma ƙarƙashin kitsen yatsana yana nutsewa.

"Ba su kai ba. Ƙashi ne ya ruɗe ka. Ka ba su damina guda, bana ka nemi tarakta ko ka yi aron na wani."

Ya kama ƙugu ya yi tsaki, ya zaro waya yana lalubar lambar mai tarakta. Akwai buhunan masara a ɗakin uwarsa, shi ya sa tsaki kawai abin ya ja masa. Yana jiran a ɗauka ya yi dariya.

"To na ji. Kada in yi irin ta Kaka Malam da Maraya, ko? Babana ya ce tsohon nan akwai garaje."

Na ce, "Ba shi ba ne."

"Na'am?"

"Ya tambaye ni. Na taɓa, na san bai kai ba, na ce masa zai iya. Ni ce."

Nasiru ya sauke wayar daga kunne yana kallona, ana ta "Alo, alo" a ciki. Na yi zaton in na faɗa zan ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, ko hawaye su zo. Ba abin da ya zo. Wanda ya kamata ya ji yana kwance bayan gari shekara da shekaru. Ɗan bijimin ya miƙo baki ya kamo bakin mayafina ya fara taunawa, na tsaya na bar shi.